Me Ya Sa Gudun Mota Ba Ya Ƙaruwa a Kan Gudun Haske? Amsa Kan Ka'idar Dangantaka ta Musamman

Wani ɗalibi da ke shirin shiga jami'a ya aiko da wannan tambaya: "Malam, an koya mana cewa idan mutum yana cikin motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya, sai ya jefa dutse gaba da gudun kilomita 20, wanda ke tsaye a bakin titi zai auna gudun dutsen ya samu kilomita 120. To me ya sa aka ce idan direba ya kunna fitilar gaba, gudun motar ba ya ƙaruwa a kan gudun hasken? Kuma da gaske ne lokaci yana rage tafiya ga mai gudu, ko kuwa ido ne yake yaudarar mai kallo?"

Tambayoyinka biyu ne a baki, amma saiwarsu ɗaya ce, kuma amsarsu tana cikin ka'idar da Albert Einstein ya fitar a shekarar 1905, wadda ake kira ka'idar dangantaka ta musamman. A taƙaice, gudun motar ba ya ƙara wa hasken komai, kuma jinkirin lokaci abu ne da aka auna da agogo sau da dama aka tabbatar da shi. Sai dai amsa a taƙaice ba za ta kwantar maka da hankali ba, domin abin da ke hana mutum yarda da wannan magana wani zato ne da dukkanmu muka taso da shi ba tare da mun taɓa bincikarsa ba, wato cewa kalmar "yanzu" tana da ma'ana ɗaya ga kowa a ko'ina. Zan bi da kai har zuwa inda wannan zato ya rushe, sauran bayanin kuma zai biyo baya da kansa.

Ka'idar ta tsaya ne a kan ginshiƙai biyu, kuma na farkonsu ya girmi Einstein da kusan shekara ɗari uku. A cikin littafin da Galileo na ƙasar Italiya ya wallafa a 1632, ya ce mutum ya shiga ɗakin da ke can cikin jirgin ruwa, ya rufe ƙofa, ya zuba ido ga kifayen da ke cikin kwano da ruwan da ke ɗiga daga kwalba zuwa tulun da ke ƙarƙashinta. Muddin jirgin yana tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, ba ya girgiza kuma ba ya karkata, kifayen za su ci gaba da iyo yadda suka saba, ɗigon ruwan kuma zai faɗa cikin tulun daidai, har mutumin ya kasa gane ko jirgin tafiya yake yi ko a tsaye yake a gaɓa. Duk wanda ya taɓa zama a cikin jirgin ƙasa a tasha, ya ga na kusa da su yana motsi har ya rasa gane wanne ne ya tashi, ya ɗanɗani wannan. Ma'anarsa ita ce babu wani gwaji da za a yi a cikin rufaffen ɗaki da zai nuna cewa ɗakin yana tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, saboda dokokin kimiyya ba su bambanta ba tsakanin mai tafiya irin wannan da wanda ya ɗauki kansa a tsaye. Gudu kullum ana faɗarsa ne dangane da wani abu, kuma daga nan kalmar "dangantaka" ta fito. Kalmar "musamman" kuwa tana nufin ka'idar ta keɓanta da yanayin da za a iya kau da kai daga ƙarfin jan nauyi, wanda sai a 1915 Einstein ya shigo da shi cikin babbar ka'idarsa ta gaba ɗaya.

Matsala ta kunno kai ne daga ɓangaren haske. A shekarun 1860 James Clerk Maxwell, ɗan ƙasar Sikotilan, ya haɗa dokokin lantarki da maganaɗisu wuri ɗaya, sai lissafinsa ya nuna cewa haske kaɗawa ce ta lantarki da maganaɗisu, kuma ya fitar da gudunta da lamba ɗaya tak, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Masana suka tambayi kansu: wannan gudu dangane da me? Sauti yana tafiya ne cikin iska, igiyar ruwa kuma a kan ruwa, don haka suka ɗauka cewa haske ma yana da wani abu da ba a gani wanda ya cika sararin samaniya, suka sa masa suna eta. Idan haka ne, tunda duniya tana zagaya rana da gudun kimanin kilomita 30 a daƙiƙa, ya kamata a ga bambanci tsakanin hasken da ya bi hanyar da duniya ta nufa da wanda ya gitta ta, kamar yadda mai iyo a kogi yake ɗaukar lokaci daban idan ya yi gaba da ruwa ya dawo da kuma idan ya tsallaka ya dawo. A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Albert Michelson da Edward Morley suka girka madubai a kan wani faifan dutse da ke yawo a kan ruwan zaiba domin a iya juya shi ba tare da girgiza ba, suka raba haske gida biyu suka sake haɗa shi. Na'urar tana da ƙarfin gano bambancin da ake sa rai, amma abin da suka gani bai kai kashi 1 cikin 20 na wanda lissafi ya ce a gani ba. Hendrik Lorentz na Holan da George FitzGerald na Ailan sun yi ƙoƙarin ceto eta da cewa abubuwa suna tsukewa idan suna ratsa shi, kuma lissafin da Lorentz ya kammala a 1904 shi ne har yau ake amfani da shi da sunansa. Henri Poincaré na Faransa ma ya matso kusa ƙwarai. Abin da suka kasa rabuwa da shi shi ne eta ɗin kansa, da kuma lokaci na haƙiƙa guda ɗaya da Isaac Newton na Ingila ya shimfiɗa tun 1687.

Einstein yana ɗan shekara 26 a lokacin, yana aiki a ofishin rajistar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire da ke Bern a Suwizalan, kuma takardarsa ta isa mujallar Annalen der Physik a ƙarshen watan Yuni na 1905. Mutane da yawa suna zaton da gwajin Michelson ya buɗe ta, alhali bai ma ambaci sunansa a ciki ba. Da maganaɗisu da waya ya fara: ko ka matsar da maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, ko ka matsar da wayar kusa da maganaɗisun, wutar da za ta gudana ɗaya ce, amma kimiyyar zamanin tana ba da bayani biyu mabambanta. Wannan ya nuna masa cewa dokar Galileo ta shafi lantarki da haske ma. Sai ya ƙara ginshiƙi na biyu, cewa gudun haske a sararin da babu komai ɗaya ne, ko da abin da ya fitar da hasken yana tsaye ko yana gudu. Idan aka haɗa wannan da ginshiƙi na farko, sakamakon shi ne kowane mai awo, komai gudunsa, lamba ɗaya zai samu, wato mita 299,792,458 a daƙiƙa. Tun 1983 ma da wannan lamba ake fayyace tsawon mita ita kanta. An gwada ginshiƙi na biyu kai tsaye a 1964 a cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke kusa da Geneva, inda aka auna hasken da wasu ƙwayoyi masu gudun kashi 99.975 cikin ɗari na gudun haske suka fitar, aka samu bai ɗara gudun haske na yau da kullum ba. Wannan ita ce fitilar motarka, sai dai motar tana gudun da babu injin da zai kai ta.

A nan ne gizo ke saƙa. Gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Idan mutum biyu, ɗaya a cikin mota ɗaya a bakin titi, suka auna haske ɗaya suka samu gudu ɗaya, to lallai ba su yarda da juna a kan nisan ko a kan lokacin ba, kuma a gaskiya a kan duka biyun suka saɓa.

Ka ɗauki taragon jirgin ƙasa mai ƙofa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, da fitila a rataye a tsakiyarsa daidai wa daida. An tsara ƙofofin ta yadda kowacce za ta buɗe da zarar haske ya taɓa ta. Jirgin yana wucewa ta tasha da gudu, sai aka kunna fitilar. Fasinjan da ke ciki, wanda a wurinsa taragon ba ya motsi, zai ce hasken ya yi tafiya iri ɗaya zuwa gaba da zuwa baya da gudu iri ɗaya, saboda haka ƙofofin sun buɗe a tare. Mutumin da ke tsaye a tasha shi ma yana ganin hasken yana tafiya gaba da baya da gudu iri ɗaya, domin ginshiƙi na biyu bai yarda jirgin ya ƙara wa na gaba gudu ko ya rage wa na baya ba. Amma a wurinsa ƙofar baya tana tahowa ta tari hasken, ta gaba kuwa tana guje masa, don haka ta baya ce ta fara buɗewa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kuma babu alƙalin da zai raba gardamar, domin ginshiƙi na farko ya hana a ce wannan ne a tsaye da gaske, wancan ne yake tafiya. Abubuwa biyu da suka faru a wurare daban-daban suna iya zama a lokaci ɗaya ga wani, su zama ɗaya bayan ɗaya ga wani.

Akwai kuskuren da ɗalibai suka cika yi a wannan gaɓar, kuma yana da alaƙa da tambayarka ta biyu. Idan ka hango mace tana daka daga nesa, za ka ga taɓarya ta sauka cikin turmi kafin ƙarar ta iso kunnenka, haka kuma a damina ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Wannan jinkirin isowar saƙo ne kawai, kuma mai hankali yana cire shi da lissafi ya gane cewa saukar taɓaryar da ƙararta tare suka faru. Saɓanin da ke tsakanin fasinja da mutumin tasha yana nan ne bayan kowannensu ya riga ya cire lokacin da haske ya ɗauka kafin ya iso idonsa. Ko da an jera agogai a tsawon tashar, kowanne yana rubuta lokacin abin da ya faru a gabansa, saɓanin ba zai gushe ba, domin daidaita agogai biyu da ke nesa da juna shi kansa yana buƙatar aika saƙo, kuma agogan da mutumin tasha ya ce sun daidaita, fasinja zai ce ba su daidaita ba.

Dalilin da ya sa ba mu taɓa lura da wannan ba shi ne ƙanƙantarsa. Ga tarago mai tsawon mita 25 da ke gudun mita 30 a daƙiƙa, tazarar buɗewar ƙofofin ba ta wuce kimanin kashi 8 cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa ba. Amma tana girma tare da nisa. Tarin taurarin da ake kira Andromeda yana nisan da haske ke ɗaukar kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu, kuma idan kana tafiya a ƙasa da gudun kilomita 5 a awa kana nufar sashensa, abokinka yana zaune, abin da kai za ka kira "yanzu" a can ya bambanta da nasa da wajen kwana 4.

Daga nan jinkirin lokaci yana fitowa cikin sauƙi, har ma ba a buƙatar lissafin da ya wuce na sakandare. Ka ƙera agogo da madubi biyu, ɗaya a daɓen tarago ɗaya a rufinsa, haske yana kai da komo tsakaninsu, kowace tafiya ita ce bugun agogon. Ga fasinja, hasken yana miƙewa sama ne kawai. Ga mutumin tasha, kafin hasken ya kai rufi jirgin ya matsa gaba, saboda haka hasken ya bi karkatacciyar hanya wadda ta fi tsawo. Tunda gudunsa bai canza ba kuma hanyar ta ƙara tsawo, dole lokacin ya ƙara tsawo. Magina sun san dabarar daidaita kusurwar gini da igiya mai awo 3 da 4 da 5, kuma alwatikar nan ita ce ke aiki a nan. Idan jirgin yana gudun kashi 3 cikin 5 na gudun haske, to a lokacin da hasken ya yi taku 5 a karkace, jirgin ya yi taku 3 a kwance, tsayin taragon kuma taku 4 ne. Ke nan abin da agogon fasinja ya ƙirga daƙiƙa 4, agogan tasha sun ƙirga 5. Wannan ninki shi ake kira ma'aunin Lorentz, kuma a wannan gudu ya kama 1.25. A kashi 80 cikin ɗari na gudun haske yana kaiwa 1.67, a kashi 87 ya ɗan haura 2, a kashi 99 ya haura 7, daga nan kuma yana hawa ba iyaka. A gudun motarka kuwa, ko da mutum ya yi shekara 70 yana tuƙi da kilomita 100 a awa bai tsaya ba, agogonsa zai yi latti ne da kimanin kashi 1 cikin 100,000 na daƙiƙa.

Kada ka ce ai wannan laifin agogon madubi ne. Da a ce agogon hannun fasinja, ko bugun zuciyarsa, ko dahuwar abincin da ya ɗora, za su saɓa da agogon madubin, da ya gane daga cikin rufaffen tarago cewa yana tafiya, kuma ginshiƙi na farko ya haramta wannan. Don haka komai nasa yana jinkiri tare, shi kuma ba ya jin wani canji ko kaɗan. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne shi ma fasinjan yana auna agogon tasha ya same shi yana jinkiri da ninki ɗaya. Wannan yana kama da tufka da warwara, amma ba haka ba ne, domin kafin a kwatanta agogon da ke wucewa dole a yi amfani da agogai biyu da aka daidaita a wurare biyu, kuma mun riga mun ga cewa a kan daidaitawar ce ba su jitu ba.

To idan aka dawo da agogan wuri ɗaya aka ajiye su kusa da juna fa? A ce Hassan ya zauna a gida, Hussaini ya tafi wani tauraro mai nisan da haske ke yin shekara 4 kafin ya kai, da gudun kashi 80 cikin ɗari na gudun haske, ya juyo nan take. Hassan zai ƙirga shekara 5 zuwa da 5 dawowa, wato 10, Hussaini kuwa zai dawo ya ƙara shekara 6 kacal. Ba za a ce ai shi ma Hussaini yana iya cewa Hassan ne ya tafi ba, saboda shi ne ya taka birki ya juya, ya ji jikinsa ya turu, ya bar tafiya ɗaya ya shiga wata, alhali Hassan yana kan tafarki ɗaya tun farko har ƙarshe. A lokacin juyawar ne abin da Hussaini yake kira "yanzu a gida" ya yi tsalle zuwa gaba da shekaru.

Tsawo ma bai tsira ba. Auna tsawon abin da ke tafiya yana nufin a yi wa kansa da wutsiyarsa alama a lokaci ɗaya, kuma tunda "lokaci ɗaya" ya rabu, tsawon ma ya rabu: abin da ke tafiya yana gajarcewa ta fuskar da ya nufa da wannan ninki na Lorentz. Mafi kyawun shaidar duka biyun tana sauko mana daga sama dare da rana. Ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya suna karo da iskar sama, wajen kilomita 15 daga ƙasa, su haifar da wasu ƙwayoyi da ake kira muwon, waɗanda matsakaicin rayuwarsu kashi 2.2 ne cikin miliyan na daƙiƙa. Ko da gudun haske suke yi, wannan ba zai kai su fiye da mita 660 ba, amma ga su suna isowa ƙasa da yawa. A wani aiki da aka wallafa a 1963, David Frisch da James Smith sun ƙirga su a kan Dutsen Washington da ke jihar New Hampshire ta Amurka, mai tsayin kimanin mita 1,900, suka samu wajen 560 a awa ɗaya. Da babu jinkirin lokaci, waɗanda za su kai matakin teku ba za su wuce wajen 30 ba, amma da suka sauko suka ƙirga sai suka samu sama da 400, abin da ke nuna lokacin ƙwayoyin ya yi jinkiri da kusan ninki 9. Idan kuma aka duba daga ɓangaren muwon ɗin, rayuwarsa ba ta ƙaru ba, dutsen ne ya gajarce ya koma mita 200 da 'yan kai. Bayanin ya bambanta, amma adadin da ya iso ƙasa ɗaya ne, kuma shi ne abin da na'ura take ƙirgawa.

Yanzu za mu iya komawa ga dutsenka da fitilarka. Dokar haɗa gudu da aka koya muku tana aiki ne kawai saboda gudun ƙarami ne. Cikakkiyar dokar ita ce a haɗa gudun biyu, sannan a raba jimlar da 1 haɗe da sakamakon ninka su da juna, bayan an rubuta kowanne a matsayin kason gudun haske. Ga mota da dutse, abin da ake ƙarawa a kan 1 ɗin ƙanƙani ne har babu na'urar titi da za ta gano shi, shi ya sa 120 take fitowa. Idan kumbo yana gudun rabin na haske ya harba wani abu gaba da rabin gudun haske, jimlar 1 ce, a raba da 1.25, a samu 0.8. Idan duka biyun 0.9 ne, 1.8 a raba da 1.81 ya ba da 0.994. Idan kuwa abin da aka harba haske ne, wato 1, to sama da ƙasa na lissafin duk sun zama 1 haɗe da gudun motar, amsar kuma 1 ce ko da wane gudu motar take yi. Einstein ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa tun yana ɗan shekara 16 yake tambayar kansa abin da zai gani idan ya bi haske da gudun haske, ka ga ke nan tambayarka ba ta yi nisa da tasa ba.

Game da agogai na gaske, a watan Oktoba na 1971 Joseph Hafele da Richard Keating sun ɗauki agogai huɗu masu aiki da ƙwayar zarrar siziyam a jiragen fasinja, suka zagaya duniya ta gabas sannan ta yamma, suka kwatanta su da waɗanda aka bari a Washington. Na tafiyar gabas sun yi latti da kashi 59 cikin biliyan na daƙiƙa, na yamma sun yi gaba da kashi 273, kuma duka biyun sun dace da lissafi. A wannan gwaji akwai hannun ƙarfin jan nauyi, wanda ke sa agogon da ke sama ya fi na ƙasa sauri, don haka shaida ce ga ka'idojin biyu a haɗe. Haka abin yake ga taurarin ɗan'adam na GPS da wayarka take dogara da su wajen nuna hanya. Suna shawagi a tsayin kimanin kilomita 20,200 da gudun kusan kilomita 4 a daƙiƙa. Gudun yana sa agogansu su yi latti da kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, tsayin kuma yana sa su yi gaba da kashi 45, ya rage 38. A cikin wannan ɗan lokaci haske yana yin tafiyar kilomita 11, shi ya sa ake rage saurin bugun agogan tun kafin a harba su.

Ni a ganina sunan ka'idar ya yi mata illa, domin ya sa wasu suna cewa Einstein ya nuna komai ra'ayi ne, kowa da gaskiyarsa. Ka'idar ta fi damuwa da abin da ba ya canzawa. Hermann Minkowski, wanda ya koyar da Einstein lissafi a Zurich, shi ne ya fito da wannan fili a laccar da ya gabatar a birnin Cologne a 1908, inda ya haɗa wuri da lokaci suka zama abu ɗaya mai fuska huɗu. Ka koma ga alwatikarmu. Mutumin tasha ya auna lokaci 5 da nisa 3, fasinja ya auna lokaci 4 da nisa sifili, tunda a wurinsa agogon bai gusa ba. Ninka kowace lamba da kanta, ka cire ta nisa daga ta lokaci: 25 a cire 9 ya ba da 16, haka 16 a cire sifili ya ba da 16. Duk mai awo, komai gudunsa, wannan lamba zai samu. Haka nan jerin sababi da sakamako ba ya juyewa. Ƙofofin tarago suna iya musayar wadda ta riga buɗewa ne saboda babu saƙon da zai iya tashi daga buɗewar ɗaya ya riski buɗewar ɗayar, amma babu mai awon da zai ga ƙofa ta buɗe kafin a kunna fitila.

A watan Satumba na shekarar 1905 Einstein ya aika wata gajeriyar takarda da ta ciro ƙarin sakamako daga ginshiƙan nan biyu, wanda a yau ake rubutawa E = mc², wato makamashi (E) daidai yake da nauyi (m) a ninka da gudun haske (c) sau biyu. Ma'anarsa ita ce nauyin abu ma'auni ne na makamashin da ke ƙunshe cikinsa. Giram ɗaya daidai yake da kimanin yunit miliyan 25 na wutar lantarki irin wanda ake saya a mita. Rana tana rasa kimanin tan miliyan 4 na nauyinta kowace daƙiƙa a matsayin haske da zafi. Dokar ba ta keɓanta da nukiliya ba, domin lita ɗaya ta ruwa da aka tafasa don shayi ta fi nauyin da take da shi tana sanyi da kimanin kashi 4 cikin biliyan na giram. Daga wannan lissafi ne kuma ake ganin dalilin da ya sa abu mai nauyi ba zai kai gudun haske ba, saboda makamashinsa yana hawa ne tare da ninkin Lorentz, shi kuma ninkin ba shi da iyaka. A babbar na'urar CERN mai kewayen kilomita 27, ana tura ƙwayoyin furoton, waɗanda ake samu a tsakiyar ƙwayar zarra, har makamashinsu ya ninka na zamansu sama da sau 7,000, amma duk da haka haske yana gabansu da kimanin mita 3 a daƙiƙa, wato gudun mutumin da ke sassarfa. Ko an ninka makamashin sau goma, tazarar za ta ragu ne zuwa 'yan santimita, ba za ta rufe ba.

Wannan iyaka ta gudun haske ce a sararin da babu komai. A cikin ruwa haske yana raguwa zuwa kimanin kilomita 225,000 a daƙiƙa, kuma ƙwaya mai ƙarfi tana iya wuce shi a nan ba tare da ta karya doka ba, wanda shi ne asalin shuɗin hasken da ake gani a cikin ruwan da ke sanyaya injinan nukiliya. An kuma taɓa zaton an ƙetare iyakar ta gaske. A watan Satumba na 2011 masu wani gwaji da ake kira OPERA suka sanar cewa wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna nutirino da aka aika daga CERN zuwa ɗakin bincike na Gran Sasso a Italiya, tazarar kimanin kilomita 730, sun riga haske isowa da wajen kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa, suka kuma nemi sauran masana su taya su duba aikin. A 2012 aka gano cewa babban dalilin wata wayar gilashi ce da ke kai saƙon lokaci, wadda ba a ɗaure ta da kyau ba, kuma da aka gyara ta aka sake awon, gudun ƙwayoyin ya dace da na haske.